Sandar Ado da Sandar Aiki

Jama'a, a wannan mako bari mu leƙa Ingila, ƙasar sanyi, inda a da akan gina murhun jin ɗumi a jikin bangon ɗaki. A gefensa akan jera kayan wuta: sandar ƙarfe ta tona garwashi, da awartaki na ɗaukar kwal, da ɗan shebur na kwashe toka, da zugazugi. Akwai kuma wasu ƙarafa biyu da suke kira karnukan wuta, waɗanda akan ɗora itace a kansu domin iska ta ratsa ta ƙarƙashi.

To, a zamanin Sarauniya Biktoriya, watau 1837 zuwa 1901, masu hali kan ajiye sanda biyu. Ɗaya mai mariƙin tagulla, kullum ana goge ta don idon baƙi, ba a barinta ta taɓa wuta. Ɗayar kuwa 'yar baƙa ce, ita ke shan zafi, har suka laƙaba mata sunan ƙaramin limamin coci, wanda ke wahala babba na shan yabo.

Da hayaƙin kwal ya hallaka dubban mutane a Landan cikin 1952, aka yi dokar tsabtace iska a 1956, sannu a hankali murahu da yawa suka mutu. Yau kayan sun koma ado, masu tara kayan da suna sayensu, kuma mai ƙyallin ce ke jan ido.

Lalle kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai karatu, duba gidanka da wurin aikinka: wa ke tona wutar, ka kuwa taɓa gode masa?

Sai mako mai zuwa.