Abin da ke riƙe yaron kirki a Agege

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, daga baya gwamnatin Legas ta sanya nata a 85,000. Sai dai dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato ba ta shafi akasarin shagunan Hausawan Agege da rumfunan mahautan Oko-Oba ba.

To, me ke zaunar da yaron kirki a can? Tun zamanin fataucin goro, maigida yakan ɗauki nauyin ci da makwancin yaronsa, ya yi masa aure, in ya riƙe amana ya sallame shi da jari. Yaro ya san inda wahalarsa za ta kai shi, shi ya sa yake jure zaman Ikko.

Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, wasu iyayen gida sun jingine sallamar, suna fakewa da tsadar rayuwa. Wannan kuskure ne. Yaron da ya san kan ciniki ba ya rasa mai ɗauka, kuma in ya tashi da abokan cinikinsa yake tafiya.

Jaridar nan na ganin manyan sakatarori da daraktoci a Abuja suna da abin dubawa a nan. Sallamar ma'aikacin gwamnati ita ce ƙarin girma a kan lokaci da fansho ba tare da jeka-ka-dawo ba. Inda aka rasa su, ƙwararru ke fara ajiye aiki, kamar likitocin da ke kama hanyar Ingila da Saudiyya.