Ɗari ya kama, gidan matasa a kulle

Duk wanda ya ratsa ƙananan garuruwan kudancin Nijar a watan Janairu, daga Dogon Dutsi har zuwa Gure, ya tsaya da la'asar gaban gidan matasa da raya al'adu, sau da yawa abu guda zai tarar: ƙofa da kwaɗo, haraba cike da ledojin da iskar hunturu ta kwaso, awaki kwance bisa dandamalin da aka gina domin ƴan wasan kwaikwayo. In ya tambayi mabuɗi, a ce masa yana aljihun wani ma'aikaci da ya tafi taro babban birnin jaha. In ya tambayi dalili, a ce masa sanyi ne, mutane ba su fitowa, a bari sai gari ya sake. Wannan amsa ba gaskiya ba ce, kuma waɗanda ke ba da ita sun san haka, domin a daidai wannan lokaci samarin garin suna bakin hanya, sun kewaye butar shayi tun azahar.

Sai a ɗauki shekara a duba ta wata bayan wata. Da damana kowa yana gona, filin ƙwallo ya zama tafki, ko kuma wani ya shuka wake a gefensa. Da kaka ana girbi, ana ɗaurin damma, ana kai gero rumbu. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, hatsi ya fara ƙasa a rumbu, ƴan lakwal sun duƙufa ga shirin jarrabawa, ba mai hankalin da zai tara yara a fili da rana. Abin da ya rage shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, kimanin kwana 100, lokacin da ciki ya ƙoshi, aljihu bai bushe ba, aikin gona ya kau, rana kuma ba ta cizo. Ƙaramin gari ba shi da wani lokacin wasa da nishaɗi na bainar jama'a in ba wannan ba. Hukumar da ta rufe filayenta da ɗari, shekarar ce gaba ɗaya ta rufe.

Magabata ba su jira wani masani ya gaya musu haka ba. Kokowa da dambe da kalankuwa duk bayan an kawar da amfanin gona ake yin su. Langa da wasannin dandali na daren farin wata ne, tatsuniya kuma a bakin wuta take daɗi. Gwamnati ma ta bi sawun manoma: tun da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, galibi cikin watannin sanyi ake shirya ta. Ƴan kokowa 80, goma daga kowace jaha, kwana wajen goma, ƙasa duka kunnenta na jikin rediyo. Ba wanda ya taɓa jin an ce ɗari ya hana mutanen Damagaram cika filin Langa-Langa. To, me ya sa sanyin da bai hana dubban mutane zaman kallon takobi ba zai hana yara talatin buga langa a Matamai ko Madawa?

Uzuri na biyu shi ne kuɗi, kuma ya fi na farko nauyi, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Gaskiya ne ƙananan hukumomi matalauta ne. Tun zaɓen magadan gari na farko a Yuli 2004, aka ɗora musu kaya masu yawa da guzuri kaɗan. Harajin kasuwa da na tasha bai isa albashi ba a wurare da dama, kuma lokacin da gwamnati ta miƙa musu iko a 2016, fannoni huɗu ta sa gaba: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Al'adu da wasanni suka tsaya bayan layi. Amma ƙasar da ake cewa ba ta da kuɗin wasa ita ce ta yi bikin 18 ga Disamba na karɓa-karɓa shekara bayan shekara: Dosso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An zuba biliyoyin sefa, an shimfiɗa kwalta, an gyara filaye da zauruka, kuma ba laifi ba ne a ƙawata birni. Laifin yana cikin darasin da ƙananan garuruwa suka ɗauka daga nan, wato cewa raya al'adu gini ne da biki: a aza tubali, a yanka ƙyalle, a yi jawabi, a raba riguna masu tambari, a watse. Magajin garin da ya ga haka a babban birni, shi ma ranarsa guda yake nema, mai rumfa da kujerun haya da manyan baƙi. Kuɗin da wannan yini guda ke ci, in an warware shi bisa mako goma sha huɗu, da an ga bambanci.

Domin abin da ake buƙata ba shi da tsada, wahalarsa kawai ita ce kullum ake yin sa. Ana son mutum guda mai mabuɗi wanda ake biya a kan kari, wanda kowa ya san da ƙarfe huɗu zai buɗe. Ana son ruwa, na sha da na yayyafa wa fili saboda ƙura, tunda hazon hunturu ba abin wasa ba ne ga ƙirjin yara, kuma shi ke share fagen lokacin sanƙarau. Ranar da buji ya rufe gari, a koma cikin zaure a yi dara ko karatu ko gwajin wasan kwaikwayo. Ana son fitila ɗaya mai aiki da hasken rana, saboda a Disamba magariba na faɗuwa da wuri. Sai takarda a manne a ƙofa mai faɗin abin da za a yi ranar Laraba da abin da za a yi ranar Asabar, a kuma cika alkawarin da ke cikinta. Babu baƙon da za a gayyato ya yanka ƙyallen irin wannan aiki, babu hoton da za a ɗauka, shi ya sa ba ya shiga ran masu mulki.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika ambata ba. Shekarar kasafin kuɗi tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba, wato tana raba lokacin sanyi gida biyu. A rabin farko a ce kuɗin bana ya ƙare, a rabi na biyu a ce na baɗi bai sauko ba tukuna. Maganinsa sananne ne ga duk magidancin da ya taɓa ajiye iri: a keɓe kason ɗari tun watan Oktoba, lokacin da kasuwanni suka cika da hatsi da dabbobi, haraji yana shigowa. An rusa majalisun da aka zaɓa a Afrilun 2024, an naɗa kantomomi a madadinsu, amma sauyin mai kujera bai sauya kalandar sanyi ba, kuma wanda aka naɗa ba shi da uzurin cewa yaƙin neman zaɓe ya ɗauke masa hankali.

Lambunan shaƙatawa sun fi gidajen matasa ban tausayi. Kowace ranar 3 ga Agusta ana fita da hauya da ƴan jarida a dasa bedi da ƙirya da gawo a filin gari. Ruwan sama na riƙe su har Satumba. Daga nan sai a manta da su, alhali watannin da ke tafe su ne masu yanke hukunci a kan kowane dashe: ko a samu mai ba shi ruwa da mai kare shi daga akuya, ko a sake haƙa rami a wuri guda baɗi. Akwai filayen da aka dasa sau da yawa ba su taɓa ba kowa inuwa ba. Filin da ba inuwa, ba wasa, ba mai zuwa, shi ne kuma wanda ake yankawa fuloti a sayar idan asusu ya bushe, a ce ai dama kango ne. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi zoben itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, ya ga yadda gine-gine suka cinye shi gefe bayan gefe. In babban birni bai iya kare nasa ba, me zai kare na Tasawa in ba sawun yara a kansa kowace yamma ba?

Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Da an gama girbi, ƙarfafa sun ɗauki jaka sun nufi ci-rani, Kano ko Ikko ko Abijan, ko arewa wajen zinariya, kamar yadda aka yi tururuwa zuwa Jado daga 2014. Ba wanda zai ce filin ƙwallo zai tsayar da mai neman abin kai wa iyalinsa. Yunwa ba ta jin busar alƙalin wasa. Maganar a kan waɗanda suka rage ce, ƙannensu ƴan shekara goma sha biyu zuwa goma sha bakwai, waɗanda gari bai tanadar musu komi ba tsakanin tashi daga lakwal da barci. Fada ta cike wannan gurbi tun shekarun 1990, kuma fada ba aibu ba ce, wasu sun share unguwa, wasu sun tara gudummawa. Amma wanda ya kalli fim ɗin da Aisha Maki ta yi a 2021 game da samarin Kara-Kara ta Damagaram ya ga abin da ƙarfin ƙuruciya ke zama idan ba a ba shi fili ba: samari na ɗaga ƙarfen da suka haɗa da hannunsu, suna gina gidan wasansu da dokokinsu, tunda ba wanda ya gina musu.

A nan dattawa kan yi ajiyar zuciya su tuno samariya ta zamanin Seyni Kunce, lokacin da kowace unguwa ke da sarkin samari, da ƙungiyar waƙa, da ƴan wasan kwaikwayo irin su Yazi Dogo a bakin kowa. An yi aiki, ba musu. Sai dai samariya reshen mulki ce, umurni daga sama yake zuwa, shi ya sa ta shiga rugujewa da guguwar taron ƙasa na 1991. Abin da ya dace a ara daga gare ta shi ne ɗabi'ar haɗuwa kowane mako, ba tare da sandar da ke bayanta ba.

Malaman addini da iyayen da ke tsoron cakuɗar maza da mata da caca suna da hujja, amma hujjarsu a kan duhu ce da rashin mai kula, kuma kwaɗon ƙofa bai rage ko ɗaya daga cikin biyun ba, bakin hanya kawai ya mayar da su. Waɗanda kulle ya fi cuta ƴan mata ne. Yaro ko an rufe fili zai sami lungu da ƙwallon tsumma. Yarinya kuwa dandalin gaɗa ya mutu, ba a ba ta madadinsa ba sai faranti na talla. Yini biyu a mako da aka keɓe musu, ƙarƙashin kulawar malamai mata, zai isa ya kwantar da hankalin mafi yawan iyaye.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ma ba su kuɓuta daga zargi ba. An saba jiran furoje daga waje, mai kuɗin zama da kuɗin abinci, har ta kai ƙungiya mai suna da hatimi na iya yin shekara ba ta tara yara goma ba domin ba mai ɗaukar nauyi. Alhali malami ne ya san sunan kowane yaro a gari, shi ne ya iya tsara jadawali, kuma hutun ƙarshen Disamba a tsakiyar ɗari yake faɗowa. Ƙungiyar da ta je wurin kantoma a watan Oktoba da takarda guda, ta rubuta ranaku da sunayen masu kula da kuɗin ruwa da na mai gadi, ta fi ƙarfin a sallame ta da zancen sanyi. In an ƙi, ta nemi a ba ta mabuɗin a rubuce. Ya kamata kuma masu tsara jadawalin su lura cewa azumi, da ke matsowa baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, zai riƙa faɗowa cikin Fabrairu da Janairu da Disamba har shekaru masu yawa nan gaba, don haka wasannin la'asar za su koma bayan tarawi, tashe zai shiga tsarin, fitilar nan guda kuma ta zama abu na farko da za a saya.