RA'AYINMU: Maganin Yana Cikin Tukunyarmu

Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya ajiye, ya san ba a daɗewa fuskarsa ke sauya launi, kamar yadda ƙarfe ke tsatsa in ya sha iska da damshi. Masana sun ce makamancin haka yana faruwa a jikin ɗan Adam, domin aikin da jiki ke yi da iskar da muke shaƙa yana haifar da wasu ƙwayoyi masu lahani ga tsoka da jijiyoyin jini, hayaƙin taba kuma yana ƙara yawansu. Sinadaran da ke rage wannan lahani su ake kira antioksidan, irin su bitamin C da bitamin E da launukan da ke cikin ganyaye da ƴaƴan itatuwa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne yadda wannan kalma ta zama jarin ƴan kasuwa. Daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, ana tallan ƙwayoyi da garin shayi na ƙetare da sunan suna wanke jini, suna hana tsufa, har da warkar da ciwon daji. Magidancin da ke fama da kuɗin cefane sai ya zuba dubban sefa a kan kwalba guda, wani ma ya ajiye maganin hawan jinin da likita ya rubuta masa.

Ya kamata jama'a su san abin da bincike ya nuna. A shekarar 1994, wani gwaji da aka yi a ƙasar Finlan a kan maza masu shan taba kimanin 29,000 ya gano cewa waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 1996 aka dakatar da irin wannan gwaji a Amurka kafin lokacinsa saboda dalili guda. A 2018 kuma hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin da aka tace daga koren shayi, in adadinsu ya yi yawa, suna iya taɓa hanta. Darasin a fili yake: amfanin da ake gani ga masu yawan cin ganye da ƴaƴan itace bai bi sinadarin zuwa cikin kwalba ba.

To, ina mafita? Tana kasuwar unguwa. Zogalen da ake kwaɗo da dambu da shi yana ɗauke da beta-karotin a yadda Allah ya halicce shi. Garin ƴaƴan kuka yana da bitamin C mai yawa, Turai ma ta amince da shigar da shi kasuwanninta tun 2008. Ga albasar Galmi, ga tumatir, gwaba, mangwaro da lemun tsami. Shi kuwa zoɓo, wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka da aka buga a 2010 ya nuna cewa kofi uku a rana na makonni shida ya ɗan sauke jinin masu matsakaicin hawan jini. Taimako ne, amma ba ya maye gurbin maganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganyaye da ƴaƴan itatuwa kowace rana.

Sai dai mu ma da namu gyaran. Shayin da matasa ke dafawa a fada har zagaye uku yana da sinadarai masu amfani, amma sukarin da ake antaya masa, da wanda ake zuba wa zoɓo, yana cinye ribar. Hukumar ta nemi a 2015 kada sukari ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wato kusan ƙaramin cokali 12 ga baligi. Haka nan shan shayi mai kauri a kan abinci yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke ɗauka, don haka masu juna biyu da masu ƙarancin jini su bari a ɗan jima bayan cin abinci. Uwayenmu mata kuma su rage daɗewar ganye a wuta, domin zafi yana lalata bitamin C.

Muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da ta sa ido a kan masu tallan waɗannan ƙwayoyi, gidajen rediyo kuma su daina sayar da lokacinsu ga duk wanda ya ce ganyensa yana warkar da kowace cuta. Hukumomin aikin gona su tallafa wa masu lambu da ruwa da hanyar busar da ganye a inuwa, yadda zogale da yakuwa ba za su gagari talaka da rani ba. Kuɗin kwalba guda ya isa ya sa ganye a tukunyar gida na kwanaki masu yawa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.