Sharhi: Shin Nikki Haley ta cika mai ra'ayin riƙau?

A ranar 24 ga Fabrairun 2024 ne aka gudanar da zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Republican a jihar Carolina ta Kudu da ke Amurka, inda manyan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu suka rage a fage: Donald Trump, wanda a lokacin tsohon shugaba ne, da tsohuwar gwamnar jihar, Nikki Haley. Zaɓen a gida yake ga Haley, sai dai ta shige shi da zargi a wuyanta. Magoya bayan Trump na cewa ba ta cika mai ra'ayin riƙau ba, kuma a wannan jam'iyya irin wannan tambari kan binne ɗan takara tun kafin a kai ga akwati.

Tun daga mulkin Ronald Reagan, tsakanin 1981 da 1989, ra'ayin riƙau a Amurka ya zauna ne kan duwatsun murhu uku: taƙaita kashe kuɗin gwamnati da rage haraji, kare addini da iyali tare da adawa da zubar da ciki, sai kuma ƙarfin soja da tsayawa bayan ƙawaye a ƙetare. Idan da wannan sikeli za a auna Haley, da wuya a same ta da tawaya.

Ta lashe kujerar gwamna a 2010 bisa goyon bayan masu fafutukar Tea Party, waɗanda suka yi suna wajen yaƙi da yawan haraji, ta zama mace ta farko da ta mulki jihar. A 2011 ta sa hannu kan dokar tilasta nuna katin shaida mai hoto kafin kaɗa ƙuri'a, da wata mai tsauri kan baƙin haure. Ta ƙi faɗaɗa tallafin lafiya na masu ƙaramin ƙarfi ƙarƙashin shirin shugaba Barack Obama, ta kuma yi ta sa-in-sa da ƙungiyoyin ƙwadago. A 2016 ta amince da dokar hana zubar da ciki daga mako 20.

A ƙetare ma haka abin yake. Lokacin da take jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, daga 2017 zuwa 2018, ita ce ta kare matakin Trump na amincewa da birnin Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila, har ta gargaɗi ƙasashe cewa Amurka na rubuta sunayen masu juya mata baya. Duk da haka ƙasashe 128 suka yi tir da matakin, tara kacal suka ƙi. Ita ce kuma ta sanar da ficewar ƙasarta daga hukumar kare haƙƙin bil'adama ta majalisar a Yunin 2018. A 2017 ta yi alfahari da zabtare fiye da dala miliyan 500 daga kasafin dakarun kiyaye zaman lafiya, waɗanda mafi yawansu ke aiki a Afirka.

To, daga ina zargin ya samo asali? Masu sukarta na kafa hujja da abubuwa huɗu. Na farko, a 2015, bayan wani ɗan bindiga farar fata ya kashe baƙaƙen fata tara a wani coci a birnin Charleston, ta jagoranci sauke tutar tsofaffin jihohin kudu masu kare bauta daga harabar majalisar jihar. Na biyu, a kan zubar da ciki tana kiran a nemi maslaha, tana mai cewa dokar hani ta ƙasa baki ɗaya na buƙatar ƙuri'un sanatoci 60, waɗanda jam'iyyar ba ta da su. Na uku, tana goyon bayan ci gaba da ba Ukraine makamai a yaƙinta da Rasha. Na huɗu, manyan attajirai ne suka mara mata baya, ciki har da ƙungiyar Americans for Prosperity Action mai alaƙa da Charles Koch, wadda ta ayyana goyon bayanta a Nuwamban 2023.

Sai dai in aka duba da kyau, tallafa wa ƙasar da ke fafatawa da Moscow da kusanci da 'yan kasuwa abubuwa ne da jam'iyyar ta daɗe tana tinƙaho da su. Abin da ya sauya shi ne sikelin kansa. Trump ya ƙaƙaba haraji kan kayan da ake shigowa da su, ya ƙi taɓa tsarin fanshon tsofaffi, kuma bashin ƙasa ya ƙaru da kusan dala tiriliyan takwas a wa'adin mulkinsa na farko, batun da Haley ta yi ta tunatarwa a lokacin. A tsohon ma'auni, waɗannan duk tawaya ce. Amma magoya bayansa na da tasu amsar: alƙalai uku da ya naɗa a Kotun Ƙoli na cikin waɗanda suka soke 'yancin zubar da ciki na ƙasa baki ɗaya a Yunin 2022, burin da masu ra'ayin riƙau suka shafe kusan shekaru 50 suna nema.

Haley ma ta ba masu suka ƙofa. A 2016 Marco Rubio ta goya wa baya tana caccakar Trump, sannan ta karɓi muƙami a gwamnatinsa. A 2021 ta ce ba za ta tsaya ba muddin ya tsaya, sai ga ta a fage a Fabrairun 2023. Masu zaɓe kan yafe sauyin manufa, amma ba kasafai suke mance wanda suke ganin yana bin inda iska ta kaɗa ba.

Alƙaluman zaɓe sun nuna inda gizo ke saƙar. A Iowa ta zo ta uku da kashi 19 cikin ɗari, Trump ya samu 51. A New Hampshire ta kai kashi 43, shi kuma 54, amma akasarin ƙuri'unta daga waɗanda ba su da rajista da jam'iyyar suka fito. A gida kuwa, Gwamna Henry McMaster da Sanata Tim Scott, wanda ita ce ta naɗa shi majalisar dattawa, duk sun bi Trump.

Tun daga 1980, in ban da 2012, duk wanda ya lashe Carolina ta Kudu shi ke ɗaukar tutar jam'iyyar. Da Haley ta faɗi a jihar da ta zaɓe ta gwamna har sau biyu, ba tarihin aikinta ne ya gaza ba. Hakan ya tabbatar da cewa a jam'iyyar Republican ta yau, biyayya ga Trump ta fi duwatsun murhun Reagan nauyi.