Sanyi Ya Shigo, Icce Ya Fara Cin Zubi

  

Duk wadda ta daɗe tana riƙe da littafin zubi ta san abin da ke faruwa daga Disamba zuwa Fabrairu. Ranar taro sai a ji "ku yi mini haƙuri sai sati mai zuwa", daga bakin matar da ba ta saba latti ba. Alhali hatsi bai yi tsada ba tukuna, ba a daɗe da girbi ba. To ina kuɗin ke tafiya? Mu leƙa madafa. Da bazara wuta biyu ko uku muke hurawa a yini. Yanzu ga ruwan alwalar asuba, ga na wankan maigida, ga na yara kafin lakkol, ga ta jin ɗumi bayan isha'i. In akwai maijego a gida, ba a ma magana. Cikin Janairu daren Tawa yakan sauko wajen digiri 15, can arewa ya fi haka sanyi, kuma iskar hunturu tana kwashe zafin wuta tun bai kai gindin tukunya ba.

Mu yi lissafi. A ce ƙarin iccen dala ashirin kike saye kullum saboda sanyi, wato sefa 100. A sati 700 ke nan. A wata uku jika tara. In zubinki dala hamsin ne a sati, murhu ya ci kusan zubi uku kowane mako, kuma ba mai rubuta shi, tunda da ɗari-ɗari yake fita. Wadda ba ta saye, ita da ɗiyanta ke biya da ƙafa: su ne ke fita da sassafe neman sabara da geza, kowace shekara nisan na ƙaruwa.

Babban ɓarawon shi ne murhun duwatsu uku. Mun gaje shi, muna son shi, yana ɗaukar kowace tukunya. Amma zafin da ke shiga abinci bai fi kashi ɗaya cikin goma ko ɗan fiye da haka ba, sauran iska ce ke sha. A tsakar gida, cikin hunturu, abin ya fi muni. Gyara na farko bai cin ko dala: a kewaye murhu. Ɗan bango na laka ko tubali ta gabas da arewa, inda iska ke fitowa, a bar ƙofa guda ta sa icce. Wadda ta iya yaɓe, ta gina murhun laka irin wanda ake kira Albarka, da yumɓu da ƙaiƙayi da kashin jaki ko na shanu, a bar shi ya bushe sarai kafin a hura. Akwai kuma na ƙarfe, Mai Sauƙi, wanda maƙeran ƙasarmu ke ƙerawa tun shekarun 1980. Sharaɗinsu ɗaya ne: murhu ya yi daidai da tukunya. Ta zauna ciki, wuta ta lashi gefenta ta ƴar siririyar hanya. In an ɗora ƙaramar tukunya a babban murhu an koma gidan jiya. In an dace, iccen kwana biyu yakan kai kusan uku.

Sauran dabarun duk mun san su, yi ne ba mu yi. Tukunya da marfi. Icce busasshe, a faskara shi ƙanana, domin ɗanye wani ɓangaren ƙarfinsa wajen ƙone ruwan jikinsa yake ƙarewa, ya bar mu da hayaƙi da hawaye. A jiƙa wake tun dare. A gama daka da yanka kafin a hura wuta, ba tukunya na tafasa ana aiken yaro sayen magi ba. Da an sauke, a zare bakin wuta a turbuɗe shi cikin yashi, gobe ya yi aiki. Kuma don Allah a daina kunna wuta da leda da guntun takalmin roba. Wannan hayaƙin guba ne, kuma goyon da ke bayanmu shi ke fara shaƙa.

Wadda muke so kowace ƙungiya ta gwada a bana ita ce kwandon girki. Abinci in ya tafasa, ba ƙarin wuta yake buƙata ba, zafin da ke cikinsa ne ake so kar ya gudu. Sai a samu babban kwando ko kwali, a shimfiɗa tsohon bargo ko tsummokara masu kauri. Shinkafa ta tafasa kamar minti 5, a sauke da marfinta a rufe, a naɗe ta ko'ina, sama da ƙasa. Bayan kamar minti 40 ta nuna, ba ƙanzo, ba ƙonewa. Waken da ya kwana a jiƙe ya tafasa minti 20 zuwa 30, a naɗe shi awa biyu ko uku. Kar a riƙa buɗewa ana leƙe. In ya daɗe har ya huce, a sake tafasa shi kafin a ci. Tuwo kam bai shiga wannan sha'ani, shi sai da tuƙi. Amma ruwan alwalar asuba yana shiga: a ɗora shi a kan garwashin tuwon dare, a naɗe, da asuba a same shi da ɗumi, ba sai an tashi hura sabuwar wuta cikin duhu ba.

Rana ma kyauta take. Bido mai duhun launi, a cika shi da hantsi, a ajiye inda iska ba ta bugu, zuwa azahar ya isa wankan yara, sai dai ranar da hazo ya rufe. Wa ya ce dole sai da asuba za a yi musu wanka suna kakkarwa? Masu wutar NIGELEC da ke jefa hita cikin bokiti, ku sani mai wat 1000 tana shan abin da ƙwan fitila 100 masu wat 10 ke sha. Ga ta da kisa in yaro ya tsoma hannu.

Yanzu maganar da ta fi kuɗi. Kowane sanyi, wasu kan shiga ɗaki da kaskon gawayi, su toshe taga, su ja ƙofa, su kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ba ta sa tari, shi ya sa ba ta tada mai barci. Tana shiga jini ta tare wurin iskar numfashi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. In mutanen ɗaki guda sun tashi da irin wannan tare, kar a tsaya cewa iskoki ne ko abincin jiya. A fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa, a nufi likita mafi kusa ko babban asibitin jiha nan Tawa, ko da sun ce sun ji sauƙi. Jarirai da masu ciki da tsofaffi ta fi kamawa, wato daidai waɗanda muke sa wa kaskon don tausayi. A ji ɗumi a waje ko ƙofa a buɗe, a fid da wuta kafin barci. A ɗaki, bargo da hula da safa, da tabarma biyu a ƙasa. Gidan zana da kara kuma, a kashe wuta ƙurmus kafin a kwanta. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Wata za ta ce, "Duk mun jiya, amma murhun ƙarhe da gaz ai kuɗɗi na." Gaskiya ne, kuma nan ne amfanin asusu. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 muna da gaz na ƙasarmu. Abin da ke hana yawancinmu shi ne kuɗin tukunyar farko da kanta, ga shi wani lokaci yakan yi wuyar samu, a ƙauye kuwa cikowa ma tafiya ce. Don haka ba mu ce kowa ta koma gaz ba. A cikin gari, mai tuyar ƙosai ko mai abincin sayarwa tana iya ɗaukar bashin asusu ta sayi mai kilo 6, ta biya da abin da ta saba ba mai icce. A gwada tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa yana yoyo, ba a gwadawa da ashana. A karkara, ƙungiya ta je wajen maƙeri guda da tukwanenta, a auna, a yi ciniki a dunƙule. Farashin murhu ashirin ba ɗaya yake da na guda ba. Ko a ware yini guda a kwaɓa laka tare, a bi gida-gida.

Mu ƴan Adar ba sai an gaya mana darajar itace ba. Lokacin da aikin Keita ya fara a 1984, bayan fari, maza da yawa sun tafi cin rani, iyayenmu mata ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan fako, aka dasa miliyoyin itatuwa. Wasu daga cikinsu suna zaune tare da mu a tabarmar zubi. A tambaye su kwana nawa itace guda ke yi kafin ya isa sara.

Ga aikin da muke roƙo kafin fitowa ta gaba. Kowace ta ƙirga iccen da ta ƙona cikin sati guda, da kuɗi ko da dami. Wadda ba ta rubutu ta jefa tsakuwa a gwangwani. Sati na biyu a kewaye murhu, a rufe tukunya, a gwada kwandon, a sake ƙirgawa. Shugabannin ƙungiyoyi su tattara lissafin ranar zubi su aiko mana, za mu buga na kowane gari da sunan ƙungiyarsa.