A Kai Mu Mu Hau Tudu, Ga Hanya Nan a Share



Garinmu Jos a kan tudu yake zaune, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma duk inda mutum ya waiga dutse zai gani. Duk da haka, da za a shigo ajinmu a ce wanda ya taɓa hawa tudu da ƙafarsa har ƙololuwa ya ɗaga hannu, 'yan kaɗan ne za su ɗaga. Shi ya sa muke roƙon hukumar makaranta, yawon buɗe ido na bana ya zama na hawan ƙaramin tudu mai itatuwa, ta bin hanyar da ma'aikatan gandun daji suka share.

Ba duwatsun Shere muke nufi ba. Waɗannan tsayinsu ya haura mita 1,800, hawansu sai manya masu horo. Mu tudun da ke cikin gandun namun daji na Jos, a hanyar Miyango, ya ishe mu. An kafa gandun a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, faɗinsa kuma ya kai murabba'in kilomita 8. Abin da aka saba idan an kai ɗalibai shi ne a zagaya da su su ga dabbobi a keji, a ci abinci, a ɗauki hoto, a koma mota. Tudun da itatuwansa kuwa sai dai a hango su ta taga. A ganinmu rabin darasin ake barowa a can.

Dalilinmu na farko karatu ne. A darasin aikin gona an koya mana zaizayar ƙasa, mun haddace, mun rubuta a jarrabawa. Amma gani ya kori ji. A gefen tudu mutum zai durƙusa ya taɓa ƙasar da ke ƙarƙashin itace, ya ji ta da laushi da sanyi, busassun ganye sun rufe ta. Ganyen sama yana rage ƙarfin ruwan sama kafin ya taɓa ƙasa, na ƙasa yana tsare shi har ya nitse, saiwoyi kuma suna riƙe ƙasar kada ta gangara. In ya ƙara gaba ya iske inda babu itace, zai ga tsakuwa tsirara da ramin da ruwa ya fara ci. Malam ba ya bukatar alli a wannan wuri. Kuma mu tuna, kogin Kaduna da kogin Gongola daga tudun Jos suka faro, haka ma Dilimi da ke ratsa garinmu. Ruwan da ya sauka a kan tuddanmu mutanen wasu jihohi suna sha, suna noman rani da shi.

Su kansu itatuwan suna da tarihi. Itacen turare da ya cika Jos asalinsa daga Ostareliya ne, an dasa shi da yawa a filayen da haƙar kuza ta lalata. Itacen nan mai ganye kamar allura shi ma baƙo ne, dasa shi aka yi. Muna so a nuna mana bambancin dashe, wanda yake jere a layi kamar ɗalibai a wajen taron safe, da itatuwan ƙasarmu irin su ɗorawa da kirya da ɗinya, waɗanda suke fitowa inda suka ga dama. Da yawanmu mun ci atili da miyar daddawa, amma ba mu san kamannin itatuwan da suka fito daga jikinsu ba. A nan cikin garinmu akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, wadda aka kafa tun 1958. Takarda ɗaya daga ofishin Shugaban Makaranta za ta iya samo mana masani da zai raka mu ya yi mana bayani.

Me ya sa muka nace sai hanyar ma'aikatan gandun daji? Domin ba a banza aka share ta ba. Ta nan suke kai dashe, ta nan suke sintiri, kuma da rani tana tare gobara, saboda wuta in ta iso fili marar ciyawa takan rasa abin ci. Irin wannan hanya ba ta miƙewa tsaye zuwa sama, kewaye tudun take yi a hankali. Tafiyar takan ɗan yi tsawo, amma numfashi ba ya ƙarewa, ƙaramin cikinmu ma zai kai. Sannu ba ta hana zuwa. Ga faɗi, mutum yana ganin inda zai taka, malami na gaba yana hango na baya, in wani ya gurɗe ana iya fito da shi ba wahala. Mai yanke ta cikin ciyawa shi yake tattake ƙananan dashe, shi yake buɗe wa ruwa sabuwar hanyar zaizaya, shi ne kuma yake ɓata.

Mun san abin da iyayenmu za su fara faɗa: tsaro. Suna da gaskiya. Ba su manta da ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka, a Kaduna, da aka sace a watan Maris na 2021 ba, kuma yanzu da an ambaci daji sai gaban uwa ya faɗi. Saboda haka ne muka zaɓi tudun da yake gefen gari, mai ƙofar shiga da ma'aikata. A nemi izini tun da wuri, a tambayi jami'an tsaro kafin a sa rana. In suka ce a dakata, mu dakata, ba gardama. A tashi da ƙarfe 7 na safe, a dawo kafin azahar, kowane ɗalibi 10 da malaminsu.

Akwai kuma abin da ya kamata manya su duba. Hana tafiyar makaranta ba ya hana yara fita. Ran Asabar wasu suna sulalewa su hau duwatsun bayan unguwa da silifas, wasu su tafi wanka a kududdufan kuza, inda aka sha rasa yara. Gara a koya mana fita da tsari, a gaban malami, da mu koya a hannun abokai a ɓoye.

Maganar maciji kuwa, rigakafinta sananne ne: takalmi rufaffe da safa, sanda a hannu, kada a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kada a sauka daga hanya. Maganar kuɗi ma da sauƙi. Tafiya ce ta cikin gari, kuɗin mota da na shiga kawai, kowa ya zo da gorar ruwansa da ɗan abincinsa daga gida. Wanda bai taɓa zuwa yawon makaranta ba saboda tsada, wannan karon zai samu zuwa. Muna kuma roƙon kada a ce 'yan mata su zauna a gindin tudu suna gadin jakunkuna. Yarinyar da take ɗauko ruwa a ka kullum safiya ba ƙaramin tudu ne zai gagare ta ba. A haɗa mu da malamai mata, mu hau tare.

Dalilinmu na ƙarshe ya shafi halinmu mu ɗalibai. A gidajenmu ake girki da gawayi da itace, kuma da hunturu sa'o'inmu ne suke cinna wa ciyawa wuta don kama gafiya. Wa'azi a aji bai hana ba. Muna ganin yaron da ya yi gumi a hanya, ya zauna a inuwar itace ya huta, aka kuma gaya masa shekarun da itacen ya yi kafin ya kai haka, zai yi tunani kafin ya ƙyasta ashana.

Ga shawararmu. Ranar 21 ga Maris ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin dazuzzuka. A lokacin damina ba ta sauka sosai ba, ciyawa ta bushe, hanya ba santsi. A sa mana Asabar ɗin da ta fi kusa da ranar, don kada a taɓa lokacin darasi. Mu kuma mun yi alkawari: ba za mu karya reshe ba, ba za mu rubuta suna a jikin itace ba, duk ledar da muka shiga da ita za mu fito da ita. Kowane aji zai rubuto rahoton abin da ya gani, a liƙa a wannan allo.

Muna roƙon Shugaban Makaranta ya gabatar da wannan magana a taron iyaye da malamai mai zuwa. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk ɗalibin da yake son zuwa ya rubuta sunansa da ajinsa, malamin da zai raka mu kuma ya sa hannu a gefe. Ranar Juma'a za mu cire ta mu kai ofis.

Daga wakilan aji 2, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta