Ba Malam Ne Ya Kayar Da Yaron Ba, Gidansu Ne

Abin mamaki ba ya ƙarewa. Mutum zai kai ɗansa makarantar Islamiyya ta kwana, ya sauke masa akwati da bokiti a bakin ƙofa, ya juya, ba a sake ganin ƙeyarsa sai ranar hutu. Ranar da sakamako ya fito yaro ya zo na kusa da ƙarshe, sai ga shi da kumfar baki, wai malamai ba sa aiki, wai an ci kuɗinsa a banza. Subhanallah!

Duk malamin hadda ya san wannan. Yara biyu, ɗaki ɗaya, malami ɗaya, tuwo ɗaya. Na farko in ya je hutu ubansa na tashinsa Asuba, bayan Magariba ya karɓi tilawarsa ko da shafi biyu ne. Na biyu zai tarar da uwarsa da kishiya ana ba-ta-kashi, ko ma an saki uwar, uban yana majalisa har dare ya raba, ga waya a hannun yaro babu mai cewa ajiye. Hadda kuwa ba ta zama sai da muraja'a. Wata guda babu tilawa, izu biyar ɗin da ya tafi da su sun zube, malam ya koma da shi farko. Yaron da ke gaban Alƙur'ani yana tunanin ina uwarsa ta kwana, ina zai sa aya a kansa?

Sai su ce talauci ne. To Imam Shafi'i fa? Maraya ne, uwarsa ce ta ɗauko shi daga Gaza zuwa Makka cikin rashi, ta tsaya masa har ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara bakwai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a gaban mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani kafin ya nemi malaman waje. Tun daga gida aka kafa tubalin.

Inda wannan sakaci ke ƙarewa kuwa an gani. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawansu da sunan karatu da gyaran hali. Da suna leƙawa akai-akai, da an kai haka? Gwamnati ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, a 2012, amma gini ba ya tambayar yaro ina ya tsaya a karatu.

Matasa ma ba su fita ba. Ɗan'uwa yana da ƙane a makarantar kwana, bai san izu nawa ya haddace ba, amma ya san sunan duk 'yan ƙwallon Ingila. Ranar ziyara yara sun yi layi a bakin ƙofa, nasa yana ta leƙen hanya har aka kira La'asar.